X-Men: Jaruman da Nasara Ba Ta Raba Su da Gardama

A shekarar 1970 kamfanin Marvel na Amurka ya daina buga sababbin labaran X-Men, domin mujallar ta rasa kasuwa. Daga fitowa ta 67 har zuwa ta 93, tsofaffin labarai aka riƙa maimaitawa a cikin sabon bango. Bayan shekara 21, a 1991, fitowar farko ta wata sabuwar mujallar X-Men ta sayar da kwafi kimanin miliyan 8, adadin da har yau babu wata fitowa guda ta mujallar labarin zane da ta kai shi. Gaskiya ne masu saye don ɓoyewa sun kumbura wannan adadi, tun da an buga fitowar da bango iri biyar. Sai dai ɗan kasuwa ba ya ɓoye hajar da ba ta da masoya. A tsakanin waɗannan shekaru wani abu ya faru da ya mayar da mujallar da ta kusa mutuwa ta zama uwa ma ba da mama ga kamfanin gaba ɗaya, kuma daga wannan zamanin ne fina-finan da aka fara a 2000 suka ɗebi mafi yawan labaransu.

Stan Lee da Jack Kirby ne suka ƙirƙiro jaruman a 1963. Sauran jaruman Marvel kowa da sanadin baiwarsa: wannan gizo-gizo ya cije shi, wancan tururin bam ya doke shi. Lee ya sha faɗin cewa gajiya ya yi da neman sanadi, sai ya ce waɗannan kam haka aka haife su. Wani sauyi ne a ƙwayoyin halittarsu, wanda yawanci ba ya bayyana sai sun kai balaga, don haka ana iya kiransu sauyayyu. Wannan gajiya ta marubuci ta buɗe ƙofa mai faɗi. Wanda gizo-gizo ya ciza mutum ɗaya ne. Waɗanda aka haifa da wata halitta kuwa jama'a ce, kuma jama'a ana iya jin tsoronta, a ƙirga ta, a kafa mata doka. Farfesa Charles Xavier, mai karanta zukata da ke zaune a keken guragu, ya buɗe makaranta a jihar New York, yana tattara matasan sauyayyu yana koya musu su kare duniyar da ba ta ƙaunarsu. Baƙin jininsu irin na muzuru ne, mai kaza zagi, marar kaza zagi.

Wannan shi ne irin da aka shuka, amma ya daɗe a ƙasa bai tsiro ba.

Gida kafin fagen fama

A 1975 marubuci Len Wein da mai zane Dave Cockrum suka fitar da Giant-Size X-Men, inda suka sauya kusan dukan 'yan ƙungiyar. Ɗaliban farko su biyar duk fararen Amurkawa ne. Sababbin kuwa daga ko'ina aka kwaso su, da fatan mujallar za ta samu masu saye a ƙasashen waje: Storm daga Kenya, Nightcrawler daga Jamus, Colossus daga wata gonar haɗin gwiwa a Sibiriya, Wolverine daga Kanada, Banshee daga Ailan, Sunfire daga Japan, sai Thunderbird daga ƙabilar Apache. Manya ne, kowa da tarihinsa da taurin kansa, kuma ba su san juna ba.

Daga fitowa ta 94 aka miƙa rubutun ga wani matashi mai suna Chris Claremont, wanda ya riƙe shi har 1991. Shekara 16 a hannun marubuci guda abu ne da ba a saba gani ba a wannan sana'a. Tun a fitowa ta 95 Thunderbird ya mutu, Sunfire kuwa ya riga ya yi fushi ya koma gida. Mai karatu ya gane da wuri cewa a wannan mujalla abin da ya faru yakan bar tabo.

Claremont ya ɗauki ƙungiyar a matsayin gida, da duk abin da zaman gida ya ƙunsa. A lokacin da labarin kowace fitowa bai wuce shafi 17 ba, yakan ware wasu shafuka ga wasan ƙwallo a filin makaranta, ko hira a kicin, ko rashin jituwa tsakanin Cyclops mai bin ƙa'ida da Wolverine da ba ya jin kira. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Yakan shuka wata 'yar magana a wannan shekara, ba zai girbe ta ba sai baɗi ko baɗin baɗaɗa. Kowa kuma ya ba shi halin da ya saɓa wa kamanninsa. Nightcrawler yana da shuɗiyar fata da jela da idanu rawaya, kamar yadda masu zanen Turai suke siffanta Shaiɗan, kuma farkon ganinsa gungun mutanen wani ƙauye ne suke binsa za su kashe shi. Shi ne kuma mafi riƙon addini da fara'a a cikinsu. Colossus jikinsa yakan koma ƙarfe, zuciyarsa kuwa tana wajen gona da zanen hoto da ƙanwarsa.

Storm ce ta fi nuna abin da dogon zango yake ba marubuci. Sunanta Ororo Munroe, uwarta 'yar Kenya, ubanta baƙar fata Ba'amurke mai ɗaukar hoto. Tana ƙarama jirgin sama ya faɗo kan gidansu a Alƙahira, iyayenta suka mutu, ita kuma ta kwana a ƙarƙashin ɓaraguzai kusa da gawar mahaifiyarta. Ta tashi tana yankan aljihu a titunan birnin, daga baya ta gangara kudu, inda aka riƙa bauta mata saboda tana saukar da ruwan sama. Matar da iska da tsawa suke yi wa biyayya, in aka rufe ta a ƙuntataccen wuri sai ta durƙushe tana makyarkyata. A 1984 aka harbe ta da wani makami da ya raba ta da baiwarta. Duk da haka, a fitowa ta 201, ta kara da Cyclops kan shugabancin ƙungiyar, ba ta da komai sai dabarar da ta koya a titi, ta kuma yi galaba. Wanda ya bi ta shekara 10 kafin wannan rana ya san daga inda kowace dabara ta fito, shi ya sa nasarar ta yi masa nauyi.

Rubutun yana da nasa aibin. Claremont mai yawan magana ne. Jarumi yana tsakiyar tsalle zai yi jawabin da ya isa a sha shayi a gama. Saboda kowace fitowa tana iya zama ta farko ga wani, sai a riƙa sa kowa yana bayanin baiwarsa wata bayan wata, da kusan kalmomi iri ɗaya. Mai karatun yau yakan gaji da wannan. Amma ta wannan yawan maganar ne aka shiga zukatan mutanen, har shakkarsu da nadamarsu suka zama sashen labarin daidai da naushi.

Abin da hannu ya zana

A tsarin aikin Marvel na lokacin, marubuci da mai zane sukan tsara ƙashin labari, mai zane ya rarraba shi shafi-shafi da fensir, sannan marubuci ya dawo ya sa magana a bakin mutane. Wani ya bi fensirin da tawada, wani ya rubuta haruffa da hannu, wata ta sa launi. Ke nan mai zane shi ne yake yanke inda ido zai tsaya, da abin da za a nuna, da abin da za a bar wa mai karatu ya cike da kansa a ɗan farin filin da ke tsakanin akwatin zane da na kusa da shi.

Labarin ƙungiya yana da wata wahala da labarin jarumi guda ba shi da ita. Mutum bakwai ne a shafi ɗaya, suna faɗa da wasu bakwai, kuma dole a san wane ne a ina. Cockrum ya warware rabin matsalar tun daga sutura da siffa. Ko da za a shafe kowa da baƙi a bar inuwarsa kawai, za a gane Storm da farin gashinta da mayafinta mai kama da fikafikai, a gane Nightcrawler da jelarsa da tsugunonsa, a gane Colossus da girmansa, Wolverine da gajartarsa. Har sauti aka ba wasu: akwai kalmar da ake rubutawa in Nightcrawler ya ɓace cikin hayaƙi, akwai wadda ake rubutawa in faratan Wolverine suka fito, kuma masu karatu sun haddace su.

John Byrne ya karɓi fensir daga fitowa ta 108 a 1977 zuwa ta 143, Terry Austin yana bin sa da tawada. Zanensu tsaf yake, babu hayaniya. Ɗaki yana da ƙofa da taga, kuma in mutum ya faɗi a hagu a akwati na biyu, a hagu za a same shi a na biyar. Wannan tsabta ce ta sa lokacin da suka ga dama suka ɗaga murya ake ji. Misalin da aka fi tunawa shi ne ƙarshen fitowa ta 132. An kama dukan 'yan ƙungiyar, an jefa Wolverine ta benaye ya faɗa magudanar ƙazanta, kowa ya ɗauka ruwa ya tafi da shi. A akwatin ƙarshe sai ga shi ya taso daga ruwan, tufafi a yage, farata a waje, inuwar ƙarafan rufi ta ratsa fuskarsa, yana duban sama. Nan labarin ya tsaya, sai wata mai zuwa. Har zuwa lokacin Wolverine ɗan rigima ne kawai a gefen labari. Byrne, wanda ya girma a Kanada, ya tsaya masa, kuma da yawa suna ganin wannan hoto ɗaya ne ya mayar da shi tauraro.

Bangon fitowa ta 141 ma haka yake. Wolverine ne ya tsufa, furfura a gefen kansa, yana kāre wata mata, hasken fitila ya haske su. A bangon da ke bayansu an manna hotunan abokansu, kowane an buga masa hatimi: an kashe, ko an kama. Kafin a buɗe shafin farko an riga an san cewa a wannan duniyar jaruman sun faɗi.

Waɗanda suka biyo baya kowa ya zo da numfashinsa. Paul Smith, a 1983, ya rage layuka har shafi ya samu sarari, shi ne kuma ya zana Storm da askin zanko da rigar fata baƙa, alamar cewa wani abu ya karye a cikinta. Barry Windsor-Smith, a fitowa ta 186, ya zana labarin da mafi yawansa hira ce tsakanin Storm da mutumin da ya ƙera makamin da ya raunata ta, ita ba ta san shi ne ba. Mujallar faɗa da za ta iya ba da kusan fitowa guda ga mutum biyu suna magana a ɗaki ta amince da mai zanenta, ta kuma amince da masu karatunta.

Miyagun da suke da hujja

A yawancin labaran jarumai, mugu yana son kuɗi ko mulkin duniya, a yi masa dukan tsiya a wuce wurin. Haka Magneto, mai sarrafa maganaɗisu da duk wani ƙarfe, ya fara a 1963: mai kururuwa da cika baki, wanda da bakinsa ya sa kalmar mugunta a sunan ƙungiyarsa. Claremont ya tambayi abin da zai sa mutum ya zama haka. Amsar ta zo a fitowa ta 150, a 1981. Magneto ya ba ƙasashen duniya wa'adi su ajiye makaman ƙare dangi, ya nutsar da wani jirgin yaƙin Tarayyar Sobiyet mai tafiya a ƙarƙashin teku da mutanen cikinsa. Cikin faɗan da ya biyo baya ya doki Kitty Pryde, yarinya Bayahudiya da ba ta wuce shekara 14 ba, har ya ɗauka ya kashe ta. Sai ya tsaya, ya ɗauke ta a hannu. A nan aka ji cewa ya yi ƙuruciyarsa a sansanin Auschwitz, inda 'yan Nazi suka hallaka danginsa.

Daga wannan shafi gardamar ta sauya. Xavier yana cewa a yi haƙuri, a nuna hali nagari, mutane za su sauko. Magneto yana cewa ya taɓa ganin inda haƙuri ya kai jama'ar da aka fara ƙirgawa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake, amma shi wannan macijin ne da kansa yake gani yana dawowa, kuma labarin bai taɓa ƙaryata shi ba. Abin da labarin ya tuhume shi da shi shi ne, garin hana a maimaita abin da aka yi masa, ya ɗauki yaren waɗanda suka yi masa: jinsi mafifici da jinsi na ƙasa, da rayukan da za a iya sadaukarwa. Fitowa ta 161 ta nuna cewa shi da Xavier abokai ne tun suna aiki a wani asibiti a Isra'ila, a cikin waɗanda suka tsira daga sansanonin. A fitowa ta 200 aka gurfanar da shi a kotu a Paris, kuma a ƙarshenta Xavier, yana bakin mutuwa, ya damƙa masa amanar makarantar. Masu karatu da yawa sukan kwatanta su biyun da Martin Luther King da Malcolm X. Kwatancen yana da sauƙin riƙewa, amma yana zaluntar Malcolm X, wanda bai taɓa nutsar da jirgin kowa ba.

Hujjar Magneto ita ce Sentinel, manyan mutum-mutumi masu farautar sauyayyu, waɗanda wani masani ya ƙera tun a 1965 don kare ɗan Adam, su kuma suka yanke cewa hanyar kare shi ita ce su mulke shi. Ba su da ƙiyayya, umarni kawai suke bi. A fitowa ta 141 da 142 an nuna shekarar 2013, inda suka mamaye Amurka, sauyayyun da suka rage suna tsare a sansani da harafi a rigunansu. Musabbabin duka shi ne kisan wani sanata mai suna Robert Kelly, wanda wasu sauyayyu suka shirya don su tsorata mutane. Aka mayar da ruhin Kitty zuwa 1980 don a hana kisan, aka kuma hana. Shafin ƙarshe ya nuna sanatan da aka ceto yana zaune da shugaban ƙasa, ana shirya ƙera sababbin Sentinel. An ceci ransa, ra'ayinsa yana nan.

A 1982 Claremont da mai zane Brent Anderson suka fitar da littafi mai zaman kansa, God Loves, Man Kills. Mugun cikinsa, William Stryker, ba shi da wata baiwa sai baki da talabijin da mabiya. Littafin ya buɗe da kisan yara biyu da dare, aka rataye gawarsu a lilon makaranta, kuma Magneto ne ya sauke su. Daga baya aka ji cewa Stryker ya kashe jaririnsa da matarsa ranar da ya ga halittar yaron, sannan ya gina wa'azi a kan wannan laifi don ya iya zama da kansa. A ƙarshe jaruman sun fuskance shi da magana a gaban taro a Madison Square Garden. Da ya ɗaga bindiga kan Kitty, wani ɗan sanda, mutum kamar kowa, shi ya harbe shi. Labarin ya bar hukuncin a hannun jama'ar da ake jayayya a kanta.

Mafi nauyin miyagun kuwa daga cikin gida ta fito. Jean Grey tana cikin ɗaliban farko. Baiwarta ta ƙaru har ta wuce misali, wani mayaudari mai suna Mastermind ya yi ta wasa da hankalinta na tsawon watanni don ya mallake ta wa ƙungiyar attajirai ta Hellfire Club, har abin da ya kunce ya fi ƙarfinsa. A 1980, da sunan Dark Phoenix, ta haɗiye wani tauraro, duniyar da ke kewaya shi ta ƙone da rayuka biliyan 5. Claremont da Byrne sun shirya a raba ta da baiwarta kawai ta koma gida. Babban edita Jim Shooter ya ƙi, ya ce wanda ya yi kisan kiyashi ba ya tafiya haka. Aka sake rubuta fitowa ta 137: abokanta suka yi yaƙi a duniyar wata don kare ta, ita kuwa, da ta ji abin yana sake tasowa a cikinta, ta kashe kanta a gaban Cyclops. Gardamar ofis ce ta haifar da ƙarshen da ya fi wanda aka tsara.

Inda kwatancen yake ɗingishi

Labarin Jean ya tona wani rauni a ginin gaba ɗaya. Wariyar launin fata da ƙyamar addini tsoro ne marar tushe. Tsoron maƙwabcin da zai iya karanta zuciyar mutum, ko ya rushe unguwa da kallo, yana da tushe. Sanata Kelly ba mahaukaci ba ne. Don haka duk wanda ya ɗauki sauyayyu daidai da wata al'umma ta gaske zai yi tuntuɓe. Afirkar da aka nuna a farkon labarin Storm ma ta mafarkin Bature ce, ta ƙauyawa masu durƙusa wa yarinya. Sannan kasuwa takan ci amanar labari: a 1986 aka dawo da Jean da rai, aka ce wadda ta mutu wata halitta ce da ta ari siffarta, kuma a 1991 aka mayar da Magneto mugu, shekarar da Claremont ya bar aikin bayan saɓani da editoci.

Amma wannan ɗingishin yana cikin abin da ya sa labarin bai tsufa ba. Da tsoron mutane ba shi da tushe ko kaɗan, da gardamar ta ƙare tun fitowar farko. Saboda yana da tushe, tambayar ta zama mai wuya ta kowane ɓangare: me mai ƙarfi zai yi don a amince da shi, kuma ina iyakar abin da mai tsoro zai halatta wa kansa? Rajista ce, ko sansani, ko mutum-mutumi? Kuma saboda sauyayyu ba su yi daidai da kowa ba, kusan kowa ya iya ganin kansa a cikinsu, daga baƙar fatan Amurka zuwa ɗan ci-rani, zuwa matashin da jikinsa da tunaninsa suka fara zame masa baƙi. A 1988, lokacin da ake mulkin wariya a Afirka ta Kudu, mujallar ta ƙirƙiro tsibirin Genosha a gabashin Afirka, ƙasa mai arziki da tsabta wadda aka gina da ƙwadagon sauyayyun da aka mayar bayi, aka sauya musu suna da lamba.

Wanda zai fara karantawa yau, fitowa ta 129 zuwa 143 sun ishe shi gwaji. A cikinsu akwai labarin Jean da na shekarar 2013, kuma an tattara su a littattafai. Zai tarar da launuka irin na tsohuwar ɗab'i da jawabai masu tsawo. Zai kuma tarar da cewa kusan duk lokacin da X-Men suka yi nasara, akwai wani shafi a bayan nasarar, inda wani yake binne ɗan'uwansa, ko wani jami'i yake sa hannu a takarda.